Kuɗin Bincike na Tarayya da Jihar Kaduna: Shawarwarin da Aka Bayar

A zaman da wasu malaman jami'a, manoma da 'yan kasuwa suka yi, magana ta fi karkata kan Zariya. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka kafa a 1922, tarayya ce ke ɗaukar nauyinta, amma albashin ma'aikatanta a kasuwar Samaru yake ƙarewa, wajen mai shago, mai gidan haya da ɗan acaba.

Shawara mafi ƙarfi ita ce gwamnatin jiha ta daina zuba ido. Irin waken SAMPEA 20-T na cibiyar Samaru, mai jure tsutsar da ke huda kwanso, wanda aka amince da shi a 2019, ba zai amfani manomin Giwa ba sai kamfanonin iri sun yawaita shi kuma malaman gona sun kai shi ƙauye. Haka kajin Shika Brown na cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, da ke Shika kusa da Zariya.

Wasu sun nemi a riƙa sakin tallafin TETFund, asusun tarayya na tallafa wa manyan makarantu, kan lokaci, don damina ba ta jiran takarda, kuma a ganina sun yi gaskiya. An kuma ce a ware gurbin koyon aiki ga matasan jihar a ɗakunan gwaje-gwaje.