Neman kalma: likitan da ke da wurin aikinsa, yake kuma jan ragamar ma'aikata

Hadiza Tafinta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina fassara wani darasi na horar da likitoci, ranar Alhamis zan miƙa, kuma taken darasin ne ya tsaya mini a wuya. Magana ce kan likitan da ke duba kowa, yaro da babba, mace da namiji, wanda ya buɗe wurinsa na kansa: shi ne mai wuri, shi ke biyan albashi, shi kuma ake so ya ja ragamar ma'aikata. Kalmomi biyu nake nema, "practice" da "leadership". Na sa "shugabancin asibiti" na wucin gadi, amma raina bai kwanta ba.

Malam Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Ɗakin shan magani mana, Malama. Tsohuwar kalma ce, kowa ya san ta.

Likita Binta: A'a Malam, ɗakin shan magani sau da yawa babu likita a ciki ma. Asibiti kuma zai kawo wa mai karatu gadaje da ɗakin tiyata, alhali nan ba a kwana. A zo a ga likita, a auna hawan jini, a yi wa yara rigakafi, a rubuta magani, abin da ya fi ƙarfi a tura babban asibiti. Sannan kalmar "practice" ba ginin kaɗai take nufi ba. A Ingila, tun da aka kafa hukumar lafiya ta NHS a 1948, irin waɗannan likitoci yawancinsu ba su zama ma'aikatan gwamnati ba, kwangila suke yi da ita. Mutane su yi rajista da su, kuɗi ya biyo yawan waɗanda suka yi rajistar. Ko sun tashi daga wannan gini sun koma wancan, harkar tana nan: marasa lafiyarsu, fayil-fayil ɗinsu, ma'aikatansu. Ni da "cibiyar likitan iyali" zan ce.

Sagiru: Kilinik kawai. Abin da mutane ke faɗa ke nan.

Baba Alaramma: Subhanallahi. Kilinik! Hausa ta mutu ne da za mu riƙa kwasar tarkacen Nasara muna shafa musu wasali? Muna da ƙa'idar sunan wuri: rini ya ba mu marina, ƙira ta ba mu maƙera, karatu ya ba mu makaranta. To warkewa ta ba mu MAWARKA. Shugaban wurin kuma MADUGU. Ku duba da kyau. Madugu uban tafiya ba ɗan haya ba ne, da kayansa a cikin ayari. In an ci riba da shi, in an yi asara da shi. Shi ya san hanya, shi ke zaɓar zango, shi ke sasanta fatake in sun saɓa. Wannan fa shi ne likitan da 'yata Hadiza ta siffanta. "Madugun mawarka". An gama.

Sagiru: Allah ya gafarta Malam, likita da asibiti ma ai daga Turanci muka same su, kuma kai ma su kake faɗa.

Baba Alaramma: Waɗannan iyayenmu ne suka karɓa lokacin da ba a san ciwon kai ba. Don an yi sakaci jiya sai a ci gaba yau? Yaro, kai da ka yi boko kana jin kunyar harshenka ne.

Sagiru: Ba kunya ba ce, Baba. Larabcin da ke cikin Hausa ba ka taɓa kiransa tarkace ba. Lafiya, darasi, hukuma, duk aro ne.

Malam Ɗanjuma: Sagiru, sassauta harshe, babba ne. Amma Alaramma, mawarka tana da matsala ta daban. Likita magani yake yi, Allah ke warkarwa, kai ka koya mana haka. Kuma mai ciwon suga ko hawan jini zai yi shekara ashirin yana zuwa wurin nan ba don ya warke ba, don a riƙa lura da shi. Mace mai ciki da yaron da aka kawo rigakafi su ma ba ciwo ya kawo su ba.

Baba Alaramma: Wannan hujja ce, na ji ta. Na janye mawarka. Madugu kam ina nan a kai.

Likita Binta: Baba, madugu ta burge ni ƙwarai, don ta kama abin da shugaba ba ta kama ba, wato mai dukiya a ciki. Amma ni da nake mace, kuma mata sun yi yawa a wannan fanni, me za a kira ni? Maduguwa? Sannan darasin, in na fahimci Hadiza, yana so ne ya raba abubuwa uku da mutane ke cakuɗawa. Mallaka daban: wanda ya sa hannu a takardar haya, ya ci bashin banki, wanda in kuɗi ba su shigo ba aljihunsa ne zai biya nas da mai karɓar baƙi. Gudanarwa daban: jadawalin aiki, sayen kaya, lissafi, duba cewa firijin rigakafi yana tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wannan akan ɗauki manaja ya yi, kuma ba lallai ya zama likita ba. Na ukun shi ne wanda ba a koya mana a makarantar likitanci yadda ya kamata. Sakamakon gwajin jini ya dawo, ya kwana a tire ba wanda ya kira mara lafiya. Me mai wurin zai yi? In ya tara mutane ya ci mutuncin wadda ta manta, gobe kowa zai ɓoye kuskurensa, kuma mara lafiya ne zai kwana a ciki. In ya zaunar da su aka bi diddigin inda takardar ta maƙale, aka sa wanda zai riƙa duba tiren kullum kafin a tashi, to ya yi aikin da ake magana. Haka in ƙaramar nas ta iya ce masa "Likita, wannan adadin maganin ya yi yawa" ba tare da gabanta ya faɗi ba. Kuma shi kaɗai ke tsaye tsakanin ribar wurin da amfanin mara lafiya: a rage wa kowa mintunan ganin likita don a ga mutane da yawa, ko a'a? A rubuta gwajin da ba a buƙata don yana kawo kuɗi, ko a'a? A Ingila hukumar da ke duba ingancin wuraren kula da lafiya, CQC, tambayoyi biyar take yi wa kowane wuri, kuma ɗaya daga ciki ita ce ko ana jan ragamarsa da kyau. Wannan shi nake kira jagoranci. Shugabanci kujera ce, ana iya gadonta ko a saye ta da jari.

Malam Ɗanjuma: Na goyi bayan jagoranci. Jagora kuma ta hau namiji ta hau mace.

Baba Alaramma: Jagora daga ja gora take, mai jan makaho da sanda. Ma'aikatan naku makafi ne? Wannan ai raini ne ga nas-nas ɗin da Binta take karewa.

Sagiru: Baba, ba wanda ke tuna makaho in an ce jagoran tafiya a labaran rediyo.

Ummi Akanta: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Anti Hadiza, in darasin ya taɓo likitoci biyu ko uku da suka haɗa jari suka mallaki wuri ɗaya, kada ki ce "masu hannun jari". Mai hannun jari iyakar asararsa kuɗin da ya zuba. Waɗannan kuwa, in haɗakar gargajiya ce, bashin wurin yana iya bin su har dukiyarsu ta gida. Shi ya sa rigimarsu kan wa zai yanke hukunci take da zafi.

Hadiza Tafinta: Ummi, ya taɓo, babi guda ne ma. Na gode muku duka. Ga abin da zan sa a take: "Jagoranci ga likita mai cibiyar kansa". A ciki zan yi amfani da "cibiyar likitan iyali", in bayyana ta a farkon darasi, manaja kuma ya zauna a manajansa. Baba, zan kawo misalin madugu a sakin layin da ke bayanin mallaka, don ya fi duk wani dogon sharhi.

Baba Alaramma: Cibiya ta yi wa ɗaki huɗu girma, kuma ban yarda da jagora ba. Amma aikinki ne, 'yata, Allah ya ba da sa'a. Aƙalla ba a sa kilinik ba.

Sagiru: Likitocin da za su karanta kilinik za su ce, Baba.

Hadiza Tafinta: Saura ta Ummi. Na rubuta "abokan tarayya" a yanzu. Wanda ke da wadda ta fi ta ya turo kafin daren Laraba, don Allah.