Su kore ka ko ka tafi da ƙafarka: gardama kan kuɗin rashin aiki a Jamus

Ɗan Zango: Salamu alaikum iyaye da yayye. Shekarata uku ina aiki a wani sito na kaya a gefen Hamburg. Jiya manaja ya kira ni ofis, ya ce aiki ya ja baya, ya miƙo min takarda wai mu rabu da yardar juna, in tafi ƙarshen makon nan, su ɗora min albashin wata ɗaya. Ya ce hakan ya fi min mutunci da a ce an kore ni. Ya ba ni zuwa Juma'a. In sa hannu?

Baba Direba: Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye biron nan. Na daɗe a ƙasar nan, kuma maganar guda ce: wanda aka kora ofishin ƙwadago na biyansa, wanda ya tafi da kansa ya ci kansa. Bar su su kore ka. In ma suka ƙi, ka daina zuwa kwana uku, da kansu za su aiko maka da takardar kora, ka ɗauka ka kai ofis ka karɓi kuɗinka.

Hajiya Mai Tafinta: Baba, Allah ya ƙara girma, rabin maganarka ta farko na yarda da ita, amma ta biyun za ta jefa yaron nan a rami. Ina raka mutanenmu ofishin nan ina yi musu tafinta, na ga abin da ake tambaya. Ma'aikacin da ke zaune a teburin bai damu da wa ya rubuta takarda ba, wa ya jawo rabuwar yake nema. Sashe na 159 na littafi na uku na dokar walwalar jama'a ya haɗa mutum uku a kwando ɗaya: wanda ya ajiye aiki, wanda ya sa hannu a takardar rabuwa, da wanda aka kora saboda shi ya karya yarjejeniyar aiki. Dukkansu ana toshe musu kuɗi mako 12, sai in suna da dalili mai ƙarfi. Ƙin zuwa aiki da gangan kuwa shi ne na ukun nan sak.

Baba Direba: Hajiya, ai kora kora ce.

Hajiya Mai Tafinta: Ba a nan ba, Baba. Kamfani na cika wa ofishin wata takardar shaida, kuma a ciki akwai wurin da ake tambaya ko halin ma'aikaci ne ya jawo sallamar. Suka ce e, sun gama da shi.

Malam na Bremen: Ku bari in ƙara wani abu da mutane ba sa lura da shi. Ana zaton mako 12 ɗin jinkiri ne kawai, wai daga baya za a biya ka. Ina! Kwanakin sun tafi ke nan, kuma doka ta ce a rage aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan lokacin da ka cancanta. Ƙanena Ɗan Zango ya yi shekara uku, shekarunsa ba su kai 50 ba, don haka wata 12 yake da shi. In aka toshe, wajen wata uku sun salwanta. Kuɗin kuma kashi 60 cikin 100 ne na abin da ke shiga hannunka bayan cire-cire, 67 in kana da ɗa. Ka ɗora wata ukun nan a sikeli da albashin wata ɗaya da manajan ke kaɗa maka, ka ga inda ya rinjaya.

Mai Shagon Aski: Ni fa ban yarda a mai da takardar rabuwa dodo ba. Na taɓa sa hannu a irinta, kuma ko kwana ɗaya ba a toshe min ba. Kowa ya zo sai ya ce kada a sa hannu, kamar guba ce.

Hajiya Mai Tafinta: Yaya, ka tuna me aka rubuta a taka?

Mai Shagon Aski: An rubuta cewa za su rufe sashenmu, kuma ko ban sa hannu ba za a sallame ni. Sun bar ni na cika wa'adina daidai.

Hajiya Mai Tafinta: To ka ga abin da ya cece ka. In kamfani ya tabbatar zai sallame ka saboda aiki ya ragu, aka kiyaye wa'adin sanarwa, kuma kuɗin sallamar bai wuce rabin albashin wata a kan kowace shekarar aiki ba, ofishin kan ɗauki hakan a matsayin dalili. Amma duba ta yaron nan. Wanda ya wuce shekara biyu a wuri, doka ta ce kamfani ya ba shi sanarwar wata guda zuwa ƙarshen wata. Shi an ce ya tafi ranar Juma'a. Ɗan Zango, an rubuta a ciki cewa dama za su sallame ka?

Ɗan Zango: Babu, Hajiya. Na sake dubawa. An ce dai ɓangarorin biyu sun amince.

Malam na Bremen: Shi ya sa yake maka zancen mutunci. In shi ya kore ka, kana da mako uku ka kai ƙara kotun ƙwadago, kuma tunda ka wuce wata shida, in ma'aikatan sun haura goma dole ya kawo hujja. In ka sa hannu, ka sauke masa wannan nauyin ka ɗora wa kanka.

Ɗan Maraɗi a Faransa: Baba Direba, dabarar nan taka ta daina zuwa aiki a wajenmu ta yi tashe shekaru, mutane da yawa sun ci da ita. Tun 2023 aka rufe ƙofar. Yanzu in ka ɓace, patron, wato mai kamfanin, ya aiko maka wasiƙa, ka ƙi komawa cikin wa'adin da bai gaza kwana 15 ba, sai a ɗauka ka yi murabus. Abin mamaki kuma, rabuwar yardar juna da kuke tsoro a can, mu a nan tun 2008 tana ba da haƙƙin kuɗin rashin aiki. Kowane gari da irin tuwonsa.

Baba Direba: To na ji, na janye batun ƙin zuwa. Amma ku faɗa min, wanda ake cuta fa? Wanda aka riƙe wa albashi, ko ake wulaƙanta shi kullum har ya gaji? Sai ya zauna yana haɗiyar baƙin ciki don tsoron mako 12? Wannan ba adalci ba ne.

Hajiya Mai Tafinta: A nan ina tare da kai, Baba, sai dai ofishin ba ya sauraron kuka, takarda yake karantawa. Rashin biyan albashi dalili ne, rashin lafiya dalili ne in likita ya rubuta, haka cin zarafi a wurin aiki, haka komawa garin da mijinki ko matarka take. Matsalar mutanenmu ita ce fushi. Mutum ya cire safar hannu ya jefar, ya fita, sai bayan wata ya fara neman shaida. Ga shi a ƙasar nan murabus ko kora ba sa tabbata sai a rubuce da sa hannu, saƙon WhatsApp ba ya aiki. Wanda ya ce “na bari” da baki ya yi tafiyarsa, a idon doka har yanzu ma'aikaci ne da ya ƙi zuwa aiki.

Mai Shagon Aski: Ni har yanzu ina ganin ya koma ya yi ciniki. Ya ce a gyara ranar, a rubuta dalilin, a ƙara kuɗin zuwa wata ɗaya da rabi.

Malam na Bremen: Ciniki ba laifi, amma kafin biro ya taɓa takarda ya kai ta ofishin ƙwadago ya tambaya ko za ta jawo toshewa. Kuma ƙanena, in saura ƙasa da wata uku ka tafi, daga ranar da ka san ranar tafiyarka kwana uku gare ka ka yi rajistar neman aiki, in ka makara mako ɗaya ne daban za su cire. In suka toshe ba ka yarda ba, kana da wata guda ka rubuta ƙin amincewa.

Ɗan Zango: Na gode ƙwarai. Gobe zan ce masa Juma'a ba za ta yiwu ba. Hajiya, in na samu lokacin ganawa a ofishin za ki raka ni?

Hajiya Mai Tafinta: In Allah ya yarda. Ka zo da takardar, da yarjejeniyar aikinka ta farko, da takardun albashi na wata ukun baya.