A raba musu gasa ko a bar su tare? Muhawarar iyaye a kan kofin jiha

Baban Sadik (Ohio): Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da dogon rubutu, abin ya tsaya min a rai tun daren jiya. An fitar da su Sadik daga gasar ƙwallon ƙafa ta sakandaren jiharmu ta Ohio a nan Amurka, zagayen sili-ɗaya-ƙwale, ci huɗu da nema. Shan kaye bai dame ni ba, wasa ai dole wani ya ci wani. Abin da ya dame ni shi ne waɗanda aka haɗa su da su. Makarantar su Sadik ta gwamnati ce, duk yaron da ke tawagar ɗan unguwa ne, irin wanda motar makaranta ke ɗauka a bakin layi. Waɗanda suka ci su kuwa makarantar kuɗi ce. Wani uba da muka zauna benci ɗaya cikin sanyin nan ya ce min kullum tafiyar minti 45 yake yi ya kawo ɗansa. Wato su suna tsintar 'yan wasa daga ko'ina, mu kuma sai abin da Allah Ya ba unguwa, sannan a ce rukuninmu ɗaya don yawan ɗalibanmu ya zo ɗaya. A mota Sadik bai ce uffan ba, ko takalmin ƙwallon bai cire ba har muka iso gida. Shekararsa ta ƙarshe ke nan. Ni dai na tsaya a kan cewa a raba gasar, makarantun kuɗi su yi kofinsu, na gwamnati su yi nasu. Idan ba haka ba babu adalci a ciki.

Alhaji Babba: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba yaro haƙuri. Wannan ai shi muke kira sojan haya a gida, a ɗauko ƙaton da ba ɗan makaranta ba a sa masa riga.

Koci Lawal (Indiana): Baba Alhaji, da ɗan bambanci. Waɗannan ɗaliban makarantar ne na gaskiya, suna shiga aji, suna zana jarrabawa. Ba ƙarya aka yi a kan shekaru ko suna ba. Matsalar ita ce ƙofar da suka shigo ta ita ta fi faɗi. Yaya Baban Sadik, jiharku ta daɗe tana kokawa da wannan magana. Hukumar wasannin sakandare ta Ohio, OHSAA, ta kai tsarin daidaita ƙarfi gaban shugabannin makarantu a 2011, 2012 da 2013, duk ya faɗi a ƙuri'a. Sai a 2014 ya wuce, aka fara aiki da shi a zangon 2017 zuwa 2018. Yanzu ana duba sunayen 'yan tawaga ɗaya bayan ɗaya, a ga inda iyayen kowa suke zaune da makarantar da ya fito. Wanda ya zo daga waje sai a ƙara wa makarantar lamba a kan yawan ɗalibanta, in lambar ta yi yawa a ɗaga ta zuwa rukuni na sama.

Baban Sadik: Na san da shi, Koci. To ga shi da tsarin aka yi mana huɗu da nema.

Hajiya Maman Zainab (Ohio): Baban Sadik, wallahi na ji zafin da ka ji, Sadik ɗana ne. Amma ban yarda da rabawar nan ba, kuma zan faɗi dalilina ko da za a ce son kai ne. Zainab tana makarantar Katolika, tana buga ƙwallon raga. Babu wanda ya zo ƙofar gidana ya roƙe ni ita. Ni na kai ta saboda tarbiyya da ƙarancin ɗalibai a aji, ina aikin dare a gidan kula da tsofaffi, makarantar ta rage mana kuɗi, sauran nake biya da guminmu. Tawagarsu bara wasa uku suka ci a kakar gaba ɗaya. Ɗakin wasansu ƙarami ne, iyaye ke sayar da abinci a ƙofa don a saya musu riguna. Idan aka raba, ina za a kai irin su Zainab? Sai a tura su cikin ƙattin makarantun kuɗin nan da kake kuka da su, su zama abincinsu kowace shekara. Makarantun kuɗi ba uwa ɗaya uba ɗaya suke ba. 'Yan kaɗan ne ke tara kofuna, sauran talakawa ne irinmu.

Baban Sadik: Hajiya, ban ce 'yarki sojar haya ce ba, Allah Ya kiyaye. Amma makarantarku tana da ikon cewa wannan ya shigo, wancan kar ya shigo. Tamu ba ta da wannan ikon. Yaron da ya sauka daga jirgi jiya, bai iya Turanci ba, bai taɓa sa takalmin ƙwallo ba, dole a karɓe shi, kuma a ƙirga shi cikin adadin da ake yanka mana rukuni da shi.

Malam Ɗanjuma (Texas): To bari in ba ku labarin inda aka riga aka raba, tunda a cikinsa nake zaune. A Texas makarantun gwamnati suna ƙarƙashin hukumar wasanni ta UIL, yawancin na kuɗi kuma suna tasu hukumar, TAPPS, kowa da kofinsa, in ban da makarantun Katolika na Jesuit biyu na Dallas da Houston da aka bari suka shiga UIL. Abin da Baban Sadik ke nema ke nan. Amma ku zo garin Allen, arewa da Dallas, ku ga filin ƙwallon Amurka na sakandarensu. An buɗe shi a 2012, kusan dala miliyan 60 ya ci, yana ɗaukar mutum 18,000. Makarantar gwamnati ce fa. Da makarantar nan Kyler Murray, wanda daga baya ya zama ƙwararren ɗan ƙwallon Amurka, ya ci kofin jiha uku a jere, 2012 zuwa 2014. Ranar da na fara wucewa ta gabansa na ɗauka filin jami'a ne. Yanzu ka ɗauko makarantar gwamnati ta cikin gari, inda yara ke tashi daga aji su tafi aiki a shago don su taya iyaye biyan haya, ka ce su kara da wannan. Duka biyun sunansu na gwamnati. A ƙasar nan kaso mai tsoka na kuɗin makaranta daga harajin gidaje yake fitowa, unguwar da gidajenta suka fi tsada ita ke da fili, da ɗakin ɗaga ƙarfe, da kociyoyi rututu. Kuma babu dokar da ta hana uba mai hali ya sayi gida a unguwar don ɗansa ya buga wa makarantar. Wannan ma zaɓe ne, kuɗin gida kawai ya maye gurbin kuɗin makaranta.

Koci Lawal: Malam ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. A ƙwallon ƙafa abin ya fi muni. Yaran da ke cin kofi, ko na gwamnati ko na kuɗi, yawancinsu tun suna shekara shida ko bakwai iyaye ke biya musu kulob, ana yawo da su gari-gari duk shekara. Yaran da nake taya horarwa sai watan Agusta muke haɗuwa, wasu ma ba sa zuwa atisaye ranar da suke da aiki. Wata uku ba za su kamo shekara goma ba.

Baban Sadik: Na ji, kuma gaskiya ce. Amma don akwai ɓaraka biyu ba zai hana a ɗinke ɗaya ba. Louisiana ta raba a 2013, ba su mutu ba.

Koci Lawal: Ba su mutu ba, Yaya, amma kofunan ƙwallon Amurka sun tashi daga biyar zuwa tara a lokacin, kuma tun daga nan ake rigima a kan wace makaranta ce mai zaɓen ɗalibai, wace ce ba ta zaɓe, domin akwai na gwamnati da ke karɓar yara daga wajen yankinsu. Ni tsarinmu na Indiana ya fi kwanta min. Ba ruwansa da ko ta kuɗi ce ko ta gwamnati. Nasara ake ƙirgawa: wanda ya ɗauki kofin jiha maki 4 ne, matakan ƙasa da shi 3, 2, 1. Ka tara maki 6 cikin shekara biyu, a ɗaga ka aji na gaba, wato rukuni na sama. Wanda ya fi ƙarfin ajinsa shi da kansa zai nuna.

Hajiya Maman Zainab: Koci, wannan kuma ai hukunta ƙanne ne da laifin yayye. Waɗanda suka ci kofin sun gama sun tafi jami'a, sai a bar na bayansu su sha duka a ajin da ba nasu ba. Ƙaramar makarantar ƙauye da Allah Ya ba ta zaratan yara sau ɗaya a shekara ashirin fa?

Koci Lawal: Wannan aibin yana nan, Hajiya, ba zan ɓoye ba. Na ga yaran da abin ya faɗa wa. Sai dai in ba su ci gaba da tara maki ba ana mayar da su ƙasa. Ya fi min na Illinois, inda tun 2005 ake ninka yawan ɗaliban makarantar da ba ta da iyakar yanki da 1.65, har sai da suka riƙa yin sassauci ga waɗanda ba sa cin komai, don sun ga lamba ɗaya ba ta dace da kowa ba.

Anti Rabi (Minnesota): Tun ɗazu ina karantawa. Duk kuna maganar yadda za a ɗaga mai ƙarfi sama, ba wanda ya yi maganar sauko da marar ƙarfi ƙasa. A nan hukumar wasanni tana duba yawan ɗaliban da suka cancanci abincin rana kyauta ko a rangwame saboda ƙarancin samun iyayensu, sai ta cire wani kaso na adadinsu daga lissafin makarantar kafin a yanka rukuni. Wato sun yarda cewa ɗalibi dubu a unguwar masu hali ba daidai yake da ɗalibi dubu a unguwarmu ba. Baban Sadik, da a ce an yi wa makarantar su Sadik irin wannan lissafi, wataƙila da tun farko ba su haɗu da waɗancan ba.

Alhaji Babba: To shi zawarcin yara su zo su buga wa makaranta fa? Ba a hana ba ne?

Malam Ɗanjuma: An hana, Baba Alhaji, kamawar ce da wuya. A Tennessee kocin makarantar Brentwood Academy ya rubuta wa wasu yara 'yan aji takwas wasiƙa a 1997 yana gayyatarsu atisaye, hukumar jiha ta hukunta makarantar. Shari'ar nan sau biyu tana zuwa Kotun Ƙolin Amurka, 2001 da 2007, kafin a tabbatar hukumar tana da ikon hana zawarci. Shekara goma a kan wasiƙa. Wanda ya iya allonsa ba ya rubuta komai, uban wani yaro ne zai yi wa uban wani raɗa a bakin fili.

Baban Sadik: Anti Rabi, maganarki ta shige ni fiye da ta kowa. Fiye da rabin abokan Sadik abincin kyautan nan suke ci, na sani don a gidana suke yini. Ban janye ba, har yanzu ina ganin makarantar da ke da ikon zaɓen ɗalibi bai kamata ta ɗauki kofi ɗaya da wadda ba ta da shi ba. Amma Hajiya, na yarda in aka raba kawai aka tafi, 'yarki za a zalunta, kuma masu filin dala miliyan 60 suna nan a gefenmu. Koci, a Ohio wa ke da ikon kawo irin wannan canji?

Koci Lawal: Shugabannin makarantun da ke cikin OHSAA ne ke kaɗa ƙuri'a, a watan Mayu. Ka fara da daraktan wasanni na makarantarku, shi zai kai ka wurin shugaban.

Hajiya Maman Zainab: In za ka je ka kira ni, Baban Sadik, ranar Talata ba na aiki. Kuma ka turo min Sadik gobe da yamma, na yi masa waina.