Na cire dala 30,000 daga asusun ritayata, 24,000 kawai na gani

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Bronx da ke birnin New York a Amurka, shekarata 53. Na yi shekara 14 ina aiki a wani kamfanin adana kaya, watan jiya suka rage ma'aikata har da ni. Ginin da nake yi a Kano ya kai linta, damina kuma ta matso, sai na nemi a ciro min dala 30,000 daga 401(k) ɗina, wato asusun ritayata na wurin aiki. Kwana 12 ke nan da kuɗin suka shigo, amma 24,000 ne. Da na kira sai suka ce an riƙe 6,000 na haraji. Na riga na tura wa ƙanena 10,000 na katako da kwano, 14,000 na hannuna. Shin da wannan 6,000 ɗin na gama da gwamnati? Akwai sauran kamar 45,000 a asusun, zuciyata na raya min in kwashe duka in huta. Don Allah wanda ya sani ya taimaka min, abin ya hana ni barci.

Wani memba daga Maryland:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya musanya maka da aikin da ya fi alheri. Gaskiya ba ka gama ba. Doka ce ta tilasta musu riƙe kashi 20 cikin 100 duk lokacin da aka biya mutum irin wannan kuɗin na 401(k) a hannunsa, amma kafin alƙalami ne kawai suka tura wa IRS, hukumar harajin Amurka, da sunanka. Ainihin lissafin sai lokacin cike takardun haraji, kafin 15 ga Afrilu. Za a ɗora dukan 30,000 a kan albashin da ka samu bana. Idan kana matakin kashi 12, harajin 3,600 ne, idan kuma kuɗin sun tura ka matakin kashi 22, zai iya kaiwa 6,600. Sannan ga tarar kashi 10, wato 3,000, saboda ba ka kai shekara 59 da rabi ba. Ka ga ke nan ko ta wane ɓangare ya haura 6,000. Ban ma sa na jihar New York da na birnin ba, su ma suna da nasu kason. Abin da ya fi ba ni takaici, da a shekarar da za ka cika 55 ka bar aikin, da tarar ba ta hau kanka ba.

Wata memba daga Houston:
Yaya, ka fara ƙirga kwanaki tun yau. Kana da kwana 60 daga ranar da kuɗin suka shigo ka zuba su a asusun IRA, wato asusun ritaya da mutum ke buɗe wa kansa, kuma duk abin da ka mayar ya fita daga haraji da tara. Ka mayar da 14,000 ɗin nan, sai lissafi ya tsaya a kan 16,000, tarar ta dawo 1,600. A nan 6,000 da aka riƙe za su iya rufe komai na tarayya, watakila ma a dawo maka da canji. Ka gaya wa bankin a fili cewa mayarwar kwana 60 ce, ka kuma adana rasit, domin fom 1099-R da zai zo maka a farkon shekara dukan 30,000 zai nuna.

Wani dattijo daga Columbus:
Ɗan'uwa, ni na taɓa yin wannan kuskuren, na kwashe nawa gaba ɗaya na sayi fili. Shekara biyu na yi ina biyan bashin haraji wata-wata. Kar ka taɓa 45,000 ɗin nan bana. In kana son raba su da tsohon kamfanin, ka ce a tura su kai tsaye zuwa IRA, ba a riƙe ko sisi. In ka zo cirewa daga IRA, kashi 10 ake riƙewa, kuma kana iya sauya shi da fom W-4R, sai dai rage abin da ake riƙewa ba ya rage abin da ake bin ka. Mutanen gida ba su san da Afrilu ba, kai ka san da ita. A rufa ginin, filasta da tayil su jira.

Memban Maryland ya ƙara:
Idan kana da niyyar komawa gida gaba ɗaya, ka faɗa wa mai yi maka haraji tun yanzu. Wanda ba ɗan ƙasa ba, kuma ya ajiye katin zamansa, kashi 30 ake riƙe masa, kuma babu yarjejeniyar haraji tsakanin Amurka da Najeriya da za ta sassauta hakan.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, saura kwana 48. Na kira ƙanena na ce kwano ya isa haka a bana, bai ji daɗi ba amma ya fahimta. Ranar Litinin zan je banki da 14,000 ɗin in sha Allah. Hajiya ta Houston, wace takarda zan riƙe daga tsohon kamfanin in tafi da ita?