Me ya sa guringuntsin gwiwa ba ya warkewa kamar ƙashi?

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum. Ƙashi in ya karye ana ɗora shi, cikin ƴan watanni ya haɗe. Guringuntsin gwiwa kuwa in ya cinye, shi ke nan. Mene ne dalili? Kuma allurar da ake yi cikin gwiwa tana sake gina shi ne, ko zafi kawai take kwantarwa?

Malama ta Birni:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba kamar ƙashi ba, guringuntsin gwiwa ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, shi ya sa warkewarsa ke da wuya. Kaurinsa a gwiwa milimita 2 zuwa 4 ne, kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne, ƙwayoyin halittar cikinsa kuma kaɗan ne ƙwarai. Daga ruwan gaɓa suke cin abinci: ka taka ya matse kamar soso, ka ɗaga ƙafa ya tsotse.

A lafiyayyar gaɓa, wasu sinadaran jiki masu sa gini (IGF-1 da TGF-beta da BMP-7) ne ke umartar ƙwayoyin su saƙa kolajin nau'i na 2, wato zaren da ke ba guringuntsi ƙarfi, da agirikan, sinadarin da ke riƙe ruwa. In gaɓa ta ji rauni ko nauyi ya yi mata yawa, sai sinadaran kumburi (IL-1 beta da TNF-alfa) su hauhawa, su sa waɗannan ƙwayoyin su fitar da MMP-13 mai yanka kolajin da ADAMTS-5 mai cinye agirikan. Agirikan ana iya mayar da shi. Kolajin ne abin tsoro, in saƙarsa ta tsinke ba ta komawa yadda take. Ɓurɓushin da ya zuba cikin ruwan gaɓa kuma yana hura tantanin gaɓar, kumburi ya ƙaru.

Ba'are:
Kan allura: kortizon yana kwantar da zafi na ƴan makonni, ba ya gini. A wani gwaji a Amurka da aka wallafa a 2017, an yi wa majinyata allurar tiriyamsinolon (wani nau'in kortizon) miligiram 40 duk wata 3 har shekara 2. Guringuntsinsu ya fi na waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri kawai (don kwatance) raguwa, ciwo kuwa kunnen doki. Shi FGF-18, wani sinadarin gina guringuntsi da aka gwada ta allura, ya ƙara kauri kaɗan, amma bai rage ciwo ba.

Malama ta Birni:
Madalla. Ƙari ɗaya: ba kowane "sanyi" ba ne iri ɗaya. In sandarewar safe ta wuce awa guda, yatsun hannu biyu sun kumbura, a je likita a auna jini, wannan wata cuta ce daban, maganinta daban. In ƙasa da minti 30 ce, galibi cinyewar guringuntsi ce. Kowane kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku. A yi tafiya a fili, a ƙarfafa naman cinya, a rage doguwar tsuguno. Diklofenak na bakin kasuwa kuma, don Allah a bar sha kullum, yana cin ciki da ƙoda, musamman ga iyayenmu masu hawan jini.