Ƙanina ya daina shan maganin HIV, na rasa yadda zan yi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Ƙanina ne, ni na raine shi tun rasuwar mahaifiyarmu, ni na yi ɗawainiyar karatunsa, har aurena na jinkirta saboda shi, dangin uba ko leƙe ba sa yi. Bara gwaji ya nuna yana ɗauke da HIV. Ya fara shan magani lafiya lau, har ya murmure. Yanzu ya daina. Na tarar da kwalbar a ƙarƙashin katifa, ya kankare rubutun jikinta, ƙwayoyin na nan cike. Ba ya fita, ba ya barci. In na yi magana sai ya ce, "Yaya, ko na sha mutuwa zan yi." Kullum faɗa.

Ma'aikacin lafiya: Wa alaikumus salam. Yaya, wannan ya fi kama da ciwon damuwa, wanda ya fi yawa a masu HIV, kuma faɗa ba ya maganinsa. Ki kai shi wajen mai ba da shawara a asibitinsu, ko masanin halayyar ɗan Adam. Aikinsu ke nan, su zauna da shi su warware wannan tunanin mutuwar, su tsara masa lokacin sha. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. In ya amsa, yau za a je asibiti. Wane magani yake sha? Efavirenz, ɗaya daga cikin magungunan HIV, kan kawo munanan mafarkai da rashin barci. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita wani maganin HIV ɗin, dolutegravir, a kansa.

Wata 'yar uwa: Ke dai kin yi sa'a ya gaya miki. Nawa mijin ɓoyewa ya yi, sai a awon ciki na sani, kuma danginsa ni suka ɗora wa laifi. Har yau in na tuna kuka nake.

Wani dattijo: 'Yata, ki tara manyan gida a yi masa magana da babbar murya, a haɗa da addu'a.

Ma'aikacin lafiya: Baba, addu'a kam a yi, amma kada a tona masa asiri ba da yardarsa ba. Tsoron tsangwama ne ya sa ya kankare kwalbar. Abin da ya kamata ya ji shi ne, mai shan magani kullum, yawanci cikin wata 6 ƙwayar cutar kan ragu har gwaji ya kasa gano ta, kuma a haka ba ya sa wa matarsa ta hanyar saduwa. In an daina, cikin makonni take sake yawa a jini.

Mai tambaya: Na gode, amma ƙanina ba mahaukaci ba ne da zan kai shi wajen masu duba ƙwaƙwalwa. Faɗan ma don ina sonsa nake yi. In ban matsa masa ba, wa zai matsa?

Wata 'yar uwa: Matsa masa, wallahi. Lallashi ne ya cuce ni.

Ma'aikacin lafiya: Ba wanda ya ce hauka ne, Yaya. Har yanzu ba ki faɗi sunan maganin ba, da tun yaushe ya daina.