Zanzaro ya dame ni da gini a ɗaki, in fesa magani?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Tun da damina ta sauka zanzaro ya addabe ni da gini a bayan labule da kusurwar silin. Na fasa gida ɗaya da tsintsiya, sai ga ƙananan gizo-gizo sun zubo, wasu suna motsa ƙafa a hankali, ga wata farar tsutsa a tsakiyarsu. Ina da yaro mai rarrafe, hankalina bai kwanta ba. In fesa maganin sauro ne ko yaya?

Wata Hajiya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara duba gidan tukuna. In na laka ne, zanzaro ne, ba ruwansa da mutane. In kuwa mai kama da takarda ne, a rataye, suna zaune a kai da yawa, to rina ce, ita ce mai kai hari in an matso kusa.

Malamin bayoloji: Hajiya ta faɗi gaskiya. Abin da kika gani, Malama, abincin 'ya'ya ne. Macen ce kaɗai ke gini, ita ke ɗebo laka a bakin kwata. Takan harbi gizo-gizo, dafin ya shanye masa jiki ba tare da ya mutu ba, ta cusa su da yawa a ɗaki guda na gidan lakar, ta saka ƙwai ɗaya ta liƙe. Da matattu ta ajiye, da sun ruɓe kafin tsutsar ta gama ci. Zanzaron da ke wannan gini, baƙi mai ratsin ɗorawa da siririn ƙugu, masana na kiran jinsinsa Sceliphron, a dangin Sphecidae. Ba ya tsaron gidansa, sai an damƙe shi ko an taka shi yake harbi. Ni ban ga dalilin fesa guba a ɗakin da yaro ke kwana saboda shi ba.

Wani manomi: Malam, wanda nake gani a gona fa? Baƙi wuluk, mai dogayen ƙafafu, yana ta kaɗa fiffike a ƙasa. Na taɓa ganinsa yana jan gizo-gizon da ya fi shi girma, yana tafiya da baya.

Malamin bayoloji: Wannan danginsa daban, Pompilidae, kuma akwai irinsu kusan 5,000 a duniya. Shi gizo-gizo ɗaya tak yake tanadar wa kowane ƙwai, shi ya sa yake neman ƙato, yawanci kuma a rami yake binne shi. Harbin manyansu da zafi sosai, kada ka kai hannu. Akwai kuma mai gina ɗan tulu na laka ya cika shi da tsutsar ganye. Wannan ya fi kusa da rina a dangantaka, kuma yana rage maka ƙwarin amfanin gona.

Wata ma'aikaciyar jinya: 'Yar uwa, ki kankare gidan da wuƙa lokacin da uwar ta fita, ki share ki zubar nesa, kada yaro ya kai baki. Ki sa raga a taga, ki riƙa kaɗe yanar gizo-gizo. In tsautsayi ya sa ya harbi yaron, ki wanke wurin ki ɗora tsumma mai sanyi. Amma in kika ga fuska ko leɓe na kumbura, ko numfashi na sarƙewa, ku wuce asibiti nan take.